Almakashin Kabin da Ƙafar Arzika

Da za a ce in koma baya in gyara abu guda a cikin aikina, ba sana'ar zan canza ba. Haska fim na yi a wata silima ta unguwar Zongo, a nan Yamai, da ita na ci, da ita na ciyar da iyalina, kuma ban ji kunyarta ba. Abin da zan gyara wata amsa ce da na ba wani saurayi a kan matakalar kabin, wato ɗakin injin haska fim, da rana tsaka, almakashi yana hannuna. Ya tambaye ni gaskiya, na san ta sarai, na faɗa masa wani abu daban.

Jikokina dariya suke yi in na ce haska fim aiki ne. Babbansu yakan ce, "Haba Kaka, ba danna abu ba ne kawai ka zauna ka sha kallo kyauta?" To, saboda shi da irinsa nake wannan rubutu. Karatuna bai yi nisa ba, na bar lakwal, wato makarantar boko, tun ina ƙarami, sai ku yi haƙuri da yadda zancen zai zo.

Aikin farko da aka ba ni shi ne naɗe bobin. Wanda ya koya mini Baba Saini ne, wani dattijo Bazabarme, Hausarsa da gargada amma zaginsa a miƙe yake fita. Fim yana zuwa a cikin gwangwanaye masu faɗi, kowanne da bobin guda, wato dogon zaren da hotunan suke jiki, a naɗe. Kana juya ƙarfen naɗi da hannun dama, zaren yana bi ta tsakanin yatsunka na hagu, kana laluben gefensa. Akwai ƙananan ramuka a jere a gefen, su haƙoran inji ke kamawa. In guda ya yage ba ka ji shi ba, lokacin haskawa zaren zai tsaya a gaban wuta, ka ga hoton ya kumbura a bango ya narke, sai kuma ka ji sunan mahaifiyarka yana tasowa daga ƙasa, daga bakin jama'a gaba ɗaya. In ka ji yagewa, ka yanke wurin, ka kankare bakin zaren da reza, ka shafa wani ruwan manne mai wari da ke hawa kai, ka danne har ya kama. Na daɗe ƙwarai a kan wannan kafin Baba Saini ya yarda in taɓa inji. In na yi ƙorafi sai ya ce "Kala suru", wato sai haƙuri, ya miƙo mini wani gwangwanin.

Wutar injin ba ƙwan lantarki ba ce. Sanduna biyu ne na wani irin gawayi, sharbo muke ce musu, bakinsu yana fuskantar juna, wuta tana tsalle a tsakani. Suna ci suna raguwa, kai kuma kana matso da su a hankali. In sun yi nisa hoto ya yi duhu, in sun haɗu ya mutu. Inji biyu ne a kabin, ɗaya yana tafiya, ɗaya yana jira da bobin na gaba, kana duban wata 'yar alama a kusurwar hoto, da ta gilma ka kashe wannan ka kunna wancan, ba tare da mai kallo ya gane ba. Kabin ɗin kuwa kamar tanda. Duk shekarun da na yi, ban taɓa kallon fim a zaune ba. Ta wata 'yar taga nake ganinsa, rabin hankalina yana kan sharbo.

Ta wannan taga na san mutane. Silimarmu ba rufi, bango ne aka shafe da farar ƙasa, shi ya sa sai bayan isha'i ake farawa. A baya akwai kujeru, na ma'aikata da 'yan kasuwa. A gaba kuma benci na siminti, na samari. Ranar fim ɗin Indu mata ne ke cika wurin, ana waƙa ana share hawaye. Ranar kaboyi sai maza. Amma da fim ɗin Shinuwa ya shigo, wato na 'yan ƙasar Sin masu karate, sai gaban silima ya zama wata unguwa ta kanta. Yaro zai kalli fim guda har ya haddace shi, ya dawo gobe ya sake biya. Suna yi wa jarumin gargaɗi, "Bayanka! Bayanka, ɗan'uwa!" In an tashi, wanda ya shigo yana jan ƙafa sai ya fita yana tafiya a kan yatsu, kafaɗa a buɗe.

Manya suna cewa iskanci ne, yaran zamani ba su son komai sai duka. Ni ma na faɗa. Daga baya na lura da abubuwan da ban lura da su ba da farko. Fina-finan da faransanci suke zuwa, yawancin yaran bencin gaba kuwa ba su taɓa shiga aji ba. In ana magana a fim, su baƙi ne. In aka fara dambe, kowa ya zama ɗan gari, ba mai buƙatar tafinta. Sannan jarumin Shinuwa ba ƙato ba ne, ba shi da doki, ba shi da bindiga. Siriri ne, haƙarƙarinsa a waje, takalminsa na tsumma, shinkafa yake ci a ƙaramin kwano. Duk yaron da ke bencin in ya cire riga haka yake.

Sai ga shekarar fari. Ruwa ya ƙi, dabbobi suka ƙare a arewa, mutane suka yi ta kwararowa Yamai, aka tara su a Lazare cikin bukkokin tabarma da buhu. A cikin wannan hali soji suka karɓi mulki. Gari ya yi tsit. Mutum yakan duba hagu da dama kafin ya ce hatsi ya yi tsada. Na ɗauka silima za ta mutu, ashe bencin gaba cika zai ƙara yi. Saurayi zai yini yana dako, ya raba abin da ya samu, rabi na garin tuwo, ragowar na tiken shiga silima. A can ne kaɗai za ka miƙe tsaye ka nuna mai ɓoye shinkafa da yatsa ka ce "Ɓarawo!" da iyakar muryarka, ba wanda zai tambaye ka wa kake nufi. Fina-finan kuma sai sun zaga biranen bakin teku kafin su iso mana, duk sun sha karce, layuka suna zuba a hoton kamar yayyafi. Wani a gaba yakan yi ihu, "Jama'a, ga ruwa ya sauko!" a kwashe da dariya, har da waɗanda gonarsu ta ƙone.

A shekarar nan Baba Saini ya koma ƙauyensu, kabin ya zama nawa. A shekarar kuma na fara yanka fim da gangan. Akwai wani mutum da ake turowa daga ofis, yakan zo da safe ya duba sabon fim. In an yi sumba, ya ce a cire. In talakawa sun taru sun nufi gidan mai mulki, ya ce a cire. Duka kuwa bai dame shi ba. Wannan yankan ba nawa ba ne. Nawa ya zo ne da sharbo ya yi wuyar samu. Alhaji mai silima ya hau kabin yana haki ya ce, "Illa, akwatin sharbon nan shi ke nan mana sai an ga hali. Ka rage tsawon fim, ka san inda za ka taɓa."

Na sani kuwa. Duk inda yara ke fito suna jifan bango da ƙwallon mangwaro, nan na bi da almakashi: inda ake doguwar magana, inda uwa ke kuka, inda ake jinya, inda ake binne gawa. Ina rataye abin da na cire a ƙusoshi a bangon kabin, ranar da za a mayar da fim in manne kowanne a wurinsa. Sauran garuruwa suna ganin fim cikakke, mu kaɗai muke ganin nawa. Kuma na iya. Ina haɗa bakin zaren yadda ko ni sai na duba da kyau. Yara suka fara cewa fim ɗin Zongo ya fi na ko'ina zafi, ni kuma ina jin daɗin hakan.

Akwai wani fim da muka riƙe ya daɗe. Wani yaron gidan attajiri ne aka jefo daga saman bene. A ainihin fim ɗin ya karye, wani tsoho ya tsince shi, ya ɗaure masa ƙafa da itace, yana ba shi abinci a baki. Damina ta wuce yana kwance, sanyi ya zo yana koyon tafiya da sanda, yana faɗuwa yana kuka. Kusan bobin guda ke nan. Na cire shi duka. A silimarmu, yaron yana faɗowa ƙura ta tashi, sai ga shi tsaye a ƙofar attajirin yana ɗaure ɗamara. In an zo wurin nan bencin gaba har girgiza yake.

Arzika yana cikin masu kallon nan. Saurayi ne dogo daga wani ƙauye a arewacin Dogon Dutsi. Mahaifinsa ya rasu a hanyar zuwa, ya bar masa uwa da ƙanne mata biyu a Lazare. Aikinsa sauke buhunan dawar agaji daga kamiyo, wato babbar motar kaya, abin da ya samu ranar shi za a dafa ranar. Shi da abokan dakonsa sukan gangara bakin kogi ta wajen Gamkalle da yamma, su yi ta tsalle a rairayi suna kwaikwayon abin da suka gani. Shi ya fi kowa, har suka sa masa suna Shinuwa.

Wata rana da azahar ina gyaran zare, na ji sallama a matakala.

"Yaya Illa, don Allah in tambaye ka, tunda kai ne kusa da su."

"Kusa da su wa?"

"Shinuwa ɗin mana."

Na ce, "Kai, ni ɗan Zongo ne, ko Gaya ban taɓa wucewa ba."

Ya yi dariya, sannan ya daina. "Faɗowar nan da yake yi daga bene. Mun yi gardama da su Hamidu. Su sun ce dabara ce. Da gaske mutum yana faɗowa daga can ya tashi?"

Zaren jinyar yaron da na cire yana rataye a ƙusa a bayana, ko taku biyu babu. Da na ce ya shigo ya duba, da magana ta ƙare. Amma na yi tunanin in labari ya fita cewa ina rage musu fim, za su farfasa benci, Alhaji ya kore ni. Kuma, in faɗi gaskiya, na ji daɗin yadda yake dubana daga ƙasan matakala. Na ce, "Ba da idonka ka gani ba? Horo ne. Wanda ya horu, ƙashinsa ba ya jin ƙasa."

Ya ce, "Na faɗa musu." Ya yi godiya ya sauka.

Ban ji abin da ya biyo baya ba sai daga bakin maƙwabciyata, Madam Saratu. Ita Kirista ce, 'yar wajen Dogon Dutsi, tana aikin jinya a asibiti, katanga guda ta raba mu. Wata safiya zan fita, ta tare ni a ƙofa da farar rigarta.

"Baban Hadiza, tsaya. Yaran silimarka sun cika mana ɗaki. Wannan ya sari bulo da hannu, wancan ya goce kafaɗa. Waɗannan da sauƙi. Akwai guda da lokotoro ke maganar yanke masa ƙafa."

Na ce, "Subhanallahi. Amma Madam, ni haskawa kawai nake, ba ni na yi fim ɗin ba."

"Ban ce kai ka yi ba. Sunansa Arzika, yaron wajenmu ne. Ya ce kai ka ce masa horo ne."

Ta ba ni labarin a tsaye. Suna sauke kaya, yana can saman buhuna a kan kamiyo, abokai suka fara kiran "Shinuwa! Shinuwa!" sai ya diro. Ƙashin ƙwaurinsa ya karye. Aka kai shi wurin maɗori, ya ɗaure shi da kyau, ya ce kada ya taka. Bayan 'yan kwanaki ya kwance ɗaurin da kansa ya koma dako, buhun farko ƙashin ya huda fata. Ciwon ya ruɓe kafin a kawo shi.

Ta ce, "Mun wanke, mun gyara. In ya kwanta, ƙafar za ta tsira. Amma ba ya kwanciya. Jiya na same shi ya dafa gado yana gwada tsayuwa, wai yana horar da ita. Na yi lallashi, na yi faɗa, har uwarsa na kira. Kai ka tayar da shi, Baban Hadiza, sai ka zo ka kwantar da shi."

Ban taɓa fitar da ko ɗan yankin fim daga kabin ba, Baba Saini ya hana ni tun ranar farko. Ranar na naɗe zaren jinyar yaron nan na sa a jaka, na tafi asibiti da hantsi. Na same shi ya rame, ƙafar a naɗe, wari yana tashi. Da ya gan ni ya yi ƙoƙarin gyara zama.

Na ce, "Kwanta. Na zo in nuna maka wani abu."

Na warware zaren, na ɗaga shi a hasken taga, na ce ya matso da ido. Hotunan ƙanana ne, kowanne bai fi babban yatsa ba. Ya daɗe yana dubawa kafin ya gane.

"Wannan ai shi ne. Me ya same shi?"

"Karyewa ya yi. Wannan bayan faɗowar ne. Ni na cire."

Na yi ta jan zaren ta tsakanin yatsuna, yana bi da ido. Ga itacen ɗauri, ga tsoho da cokali, ga sanda.

"A baki ake ba shi?"

"A baki."

"Nan kuka yake?"

"Kuka yake."

"Ya daɗe a haka?"

"Dubi itacen da ke bayansa. Nan da ganye, nan babu."

Na jira ya zage ni, don ya cancanta ya yi. Sai ya mayar da kai kan matashi yana duban rufi. Ya ce, "Yaya Illa, ka taɓa tayar da saniya? In yunwa ta kayar da ita, mutum biyu su sa itace ta ƙarƙashin ciki, ɗaya ya kama wutsiya, a ɗaga. Ta tsaya tana rawa. Gobe ka tarar ta sake faɗuwa. Haka muka yi ta yi ni da Baba, har ba sauran wadda za a ɗaga. Shi ma da ya zauna a gindin wata aduwa ya ce in ba shi ɗan lokaci, bai tashi ba. Tun da muka baro gida ban ga abin da ya faɗi ya tashi ba, sai a bangonku. Shi nake biya in gani."

Madam Saratu tana tsaye a bakin ƙofa da kwanon magani, ita ta yi magana. Ta ce, "To ai yaron fim ɗin ya tashi, ɗana. Kwanciya ya yi tukuna. Kai ka fi shi gaggawa ne?"

Ya ce, "In na kwanta, Inna fa? Wa zai kai musu?"

Wannan tambaya ba fim da zai amsa ta. Na tafi bakin kogi da yamma na sami su Hamidu, na faɗa musu abin da na yi, na tsaya suka faɗa mini abin da suka ga dama. Da suka huce, su da kansu suka shirya: kowa zai ɗauki ƙarin buhu da sunan Arzika, a kai wa uwarsa rabonsa. Yaran da ake kira 'yan iskan silima ke nan. Matan cocin su Madam Saratu suka riƙa aika abinci, matata ma tana zuba nasu in ta sauke tukunya. Arzika ya kwanta. Ya kwanta har aka yi ruwan farko na shekara mai zuwa. Ba a yanke ƙafar ba, amma ta gajarce, dako ya ƙare masa. Daga baya wani mai lambu a Gamkalle ya ɗauke shi, a can ya zauna, yana ɗingishi tsakanin kwamin salati da bokitin ban ruwa, har ya yi nasa lambun.

Kada ku ɗauka daga ranar na zama wani mutum. Na mayar da bobin ɗin na haska fim ɗin cikakke, yara suka yi ta fito, ƙwallon mangwaro har cikin tagar kabin. Alhaji ya ce in ba ni da hankali shi yana da shi, sharbo ba daga kogi ake ɗibarsa ba. Na sake yankewa. Abin da na iya shi ne na bar ɗan guntu, inda ake ɗaure ƙafar da inda yake faɗuwa da sanda. Haka na riƙa yi a sauran fina-finai har silima ta rufe, bidiyo ya cinye mu. Guntu ne kawai, kuma na san bai isa ba.

Yanzu almakashin yana hannunku. Ina ganin jikana yana yanko wurin faɗa a salula, wayar hannun nan taku, ya zubar da sauran, ya tura wa abokai, abin da nake yini ina yi shi kafin shayi ya tafasa ya gama. Ban ce ku daina kallo ba. Na san abin da yaro ke nema a ciki in duniya ta matse shi, kuma ba duka ba ne kawai. Roƙona guda ne. In ƙaninka ya leƙo ta kafaɗarka ya ce, "Yaya, da gaske ne?" kada ka yi abin da na yi don ya ci gaba da dubanka da girma. Ajiye salular, ka juyo, ka faɗa masa cewa tsakanin faɗuwa da tashi akwai kwanciya, kuma tana da tsawo, kuma sai da wanda zai ba ka abinci a baki.